Ɗorewar Basel da Ɗorewar Ɗan Saga

Kalmar ɗorewa ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Da ita ake yi wa aure addu'a ranar ɗaurinsa, da ita ake auna zumunci da rijiya da katangar gida, kuma ba a ba wani abu wannan shaida ranar da aka fara shi, sai damina ta doke shi, rani ya gasa shi, aka wayi gari yana nan. Shi ya sa aka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To amma tun da manyan tarurrukan duniya suka ɗauki zancen ci gaba mai ɗorewa a ƙarshen ƙarnin da ya shuɗe, kalmar ta zama rigar aro da kowa ke sawa ranar biki, kuma babu waɗanda suka fi yawan sa ta kamar kamfanonin haɗa magungunan gona. Kowace shekara suna fitar da rahoto mai sheƙi, da hoton wata manomiya baƙar fata tana murmushi a tsakiyar koren gona. Ya kamata a ɗauki irin wannan rahoto a kai shi gonakin Agye da Gazawa da Gidan Runji a auna shi, domin a faɗin duniya da wuya a sami ƙasar da ta fi jahar Maraɗi cancantar yin alƙalanci a kan wannan kalma.

Misali ɗaya ya isa, kuma gara a ɗauki babba. Kamfanin Syngenta, mai hedikwata a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, an kafa shi ne a shekarar 2000, lokacin da aka haɗe sashen kayan noma na Novartis da na Zeneca. Shekarunsa kaɗan ne, amma gadonsa tsoho ne. Daga cikin kakanninsa akwai Geigy, inda Paul Müller ya gano a 1939 cewa DDT na kashe ƙwari, inda kuma aka fitar da maganin haki na atrazine a 1958. Akwai ICI na Ingila, wanda ya fara sayar da paraquat a 1962 da sunan Gramoxone. Akwai kuma Sandoz, wanda gobarar rumbunsa a kusa da Basel, cikin watan Nuwamba na 1986, ta tuttula guba cikin kogin Rayin har ruwan ya yi ja, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita. A 2017 kamfanin ChemChina, mallakar gwamnatin Sin, ya saye Syngenta a kan dalar Amurka biliyan 43. A 2022 cinikin rukunin kamfanin ya haura dalar Amurka biliyan 33, wato kimanin ninki biyu na duk dukiyar da jamhuriyar Nijar ta samar a wannan shekara, daga hatsinta har uraniyum ɗinta.

A 2013 wannan kamfani ya ƙaddamar da shirin da ya kira Good Growth Plan, ya ɗauki alkawura shida da zai cika kafin 2020. Zai ceto hekta miliyan 10 na ƙasar noma da ke gab da lalacewa, zai bunƙasa tsirrai da halittu a hekta miliyan 5, zai kai ga ƙananan manoma miliyan 20 ya ƙara musu amfanin gona da rabi, zai horar da ma'aikatan gona miliyan 20 a kan kare lafiyarsu. Da wa'adin ya cika, ya sanar da cewa ya cim ma mafi yawansu, ya sake ɗaukar wasu sababbi, ciki har da zuba dalar Amurka biliyan 2 a noma mai ɗorewa. Sai dai shi ya tsara jarrabawar, shi ya zauna ta, kuma daga littattafansa alƙaluman suka fito. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ya bi wajen ƙirga ƙananan manoman da ya kai gare su ita ce yawan kayan da ya sayar. Ashe ke nan duk mai tebur a kasuwar Cadawa da ya sayar da kwalba ɗari a ranar kasuwa yana iya cewa ya tallafa wa manoma ɗari.

Mai karatu ya riƙe wannan adadi na hekta miliyan 5, domin yana da tagwai a Nijar.

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a farkon shekarun 1980 ya ga ƙasa tsirara. Noman gujiya na zamanin Turawa da bayansu ya share dazuzzuka, malaman gona sun daɗe suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka tumɓuke kowane kututture a cikinta, dokar gandun daji kuwa ta mai da itace dukiyar gwamnati, ta yadda manomin da ya raini gawo a gonarsa bai raini komai ba sai dalilin cin tara. Iska kan binne shuka har a sake ta sau biyu, sau uku. Mata kan yi tafiyar yini neman itacen girki, su ƙare da kara da kashin shanu, wato su ƙone abincin ƙasa don su dafa na gida. An dasa miliyoyin itatuwa da kuɗin agaji, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da abin da kowane manomi ya sani amma ba wanda ya ba shi daraja: ƴan tsirran da ake sarewa duk shekara lokacin sassabe rassan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sun zama itace. Yunwar 1984, wadda mutanen yankin suka laƙaba wa suna El-Buhari, ta sa ƙauyuka da dama suka karɓi dabarar a madadin abinci. Da agajin ya ƙare, da yawa suka koma suka sare abin da suka raina. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka ga bambanci, maƙwabta suka gani a gonarsu, kuma gani ya kori ji.

Daga nan ne sassabin zamani ya bazu, daga gona zuwa gona, ba da takardar kowa ba. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka sa wa kansu doka da tara, daga baya har suka buɗe kasuwar itace, shirin raya karkara na asusun FIDA kuma ya tallafa. Sabara da kalgo da aduwa da magarya suka dawo. Gawo ya dawo, wannan itace mai saɓa wa kowa, da ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki, ya yi kore da rani ya ba dabba inuwa da ƴaƴa. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka kuma taka ƙasa suka ƙirga, sai suka kiyasta cewa manoman jahohin Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, abin da ke ƙara wa ƙasar kusan ton 500,000 na hatsi a shekara. A yunwar 2005, lokacin da dubun-dubatan yara suka cika cibiyoyin tamowa na Maraɗi, gidajen da ke da itatuwa sun sami abin sarewa su sayar, da ganye da ƴaƴan da za a ci.

Ga hekta miliyan 5 guda biyu ke nan. Ɗaya alkawari ne da kamfani ya rarraba a ƙasashe da dama, ya kuma shaidi kansa a kai. Ɗayar kuwa ana ganinta daga tauraron ɗan'adam, mutanen da ke cikin mafi talauci a duniya suka yi ta da adda da gatari, ta shekara arba'in da yatsunta cif.

Yanzu a dubi abin da ke shigowa waɗannan gonaki daga duniyar su Syngenta. Paraquat guba ce da ba ta da makari. Kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum, kuma kisan ba na nan take ba ne: tana cin huhu sannu a hankali, kwanaki ko makonni, mutum na cikin hayyacinsa, iskar da likita zai ba shi don ya taimake shi ma ƙara mata ƙarfi take yi. Tana shiga ta gyambo da ta fatar da ta jiƙe da ita. Suwizalan, mahaifar kamfanin, ta daina amfani da ita tun 1989. A watan Yuli na 2007 kotun Tarayyar Turai, bisa ƙarar da Suwidin ta shigar, ta soke izininta. Sin, mai kamfanin tun 2017, ta hana fesa ruwanta a gonakinta tun 2016, ba ta hana masana'antunta fitar da ita waje ba. Binciken da ƙungiyar Public Eye da ƴan jaridar Unearthed suka wallafa a 2020, daga takardun sanarwar fitar da kaya, ya nuna cewa a 2018 kaɗai ƙasashen Tarayyar Turai sun amince a fitar da fiye da ton 81,000 na magungunan gona da aka haramta a gonakinsu. Syngenta ne ya zo na ɗaya, da kimanin ton 28,000 na paraquat daga masana'antarsa ta Huddersfield a Ingila, zuwa Amurka da Brazil da Indiya da Afirka ta Kudu da sauransu. Wannan ya faru ne a tsakiyar shekarun Good Growth Plan, a daidai lokacin da ake ƙirga miliyoyin da aka koya wa kare lafiyarsu. An saba cewa in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. A nan kurar ta san maganin sarai, ta yi wa kanta, sa'annan ta ci gaba da tallar cutar.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A 2010 Burkina Faso, maƙwabciyar Nijar, ta binciki manomanta, ta sami fiye da hamsin da suka kamu da ciwo bayan fesa Gramoxone Super, wanda Syngenta ne mai shi: ƙunar fata, ciwon ido, amai, zazzaɓi, wasu har da suma. Ta kai maganar gaban yarjejeniyar Rotadam, tana neman a sa wannan haɗi cikin jerin masu tsananin haɗari. Ba haramci ta nema ba. Abin da shiga jerin ke nufi kawai shi ne kada a aika wa wata ƙasa da shi sai an sanar da ita ta yarda. Kwamitin masana ya goyi bayanta a 2011. A taron 2013 Indiya da Gwatamala suka ƙi, kuma da yake sai da yardar kowa ake yanke hukunci, aka ɗage. Haka aka yi ta ɗagewa taro bayan taro, fiye da shekara goma. Ƙasashen Sahel ba su jira ba: a 2011, bisa shawarar kwamitin magungunan gona na ƙungiyar CILSS da ke Bamako, suka haramta paraquat, Nijar na ciki.

Doka ke nan a takarda. A kasuwa kuwa wani zance ne. Gazawa na kallon jihar Katsina, Gidan Runji na kallon Sakkwato da Zamfara, babbar hanyar Ɗan Isa da Jibiya na tsakani, ga kuma ɗaruruwan ƙananan hanyoyin da babur ke bi ba tare da ya ga ɗan duwan ba. A Nijeriya sai a 2024 haramcin da hukumar NAFDAC ta ɗora wa paraquat ya fara aiki, wato shekara goma sha uku guba ɗaya na halal a wancan gefe, haram a wannan. Ƙididdigar da cibiyar RECA, mai haɗa majalisun manoma na Nijar, ta sha yi a kasuwannin ƙasar ta nuna cewa mafi yawan magungunan ƙwari da na haki da ake sayarwa ba su da izinin kwamitin Bamako, akasarinsu ta Nijeriya suka shigo, kuma masu ɗauke da paraquat da atrazine na cikinsu. Masu saye suna da dalilinsu, kuma ba wauta ba ce. Samari sun tafi bida Kano da Agadas da Libiya, kuɗin ƴan ƙwadago ya hau, noman aya da ya zama abin samun kuɗi a Cadawa da Agye da Gazawa ba ya jure haki, kwalba ɗaya kuma na yin aikin da mutum biyar za su yini suna yi da hauya. Wanda bai taɓa duƙawa a gona cikin watan Yuli ba bai kamata ya yi saurin zagin mai famfon feshi ba.

A nan ne masu kare kamfanin za su miƙe, kuma suna da hujja. Za su ce kwalaben da ke kan teburan Maraɗi ba sunan Syngenta ke jikinsu ba. Masana'antun Sin da Indiya suka haɗa su, ƴan kasuwar Legas da Kano suka shigo da su, wasu ma jabu ne. Wannan gaskiya ce, kuma dole a faɗe ta. Amma wane ne ya haifi gubar, ya raine ta shekara sittin, ya sa sunanta ya zama sananne a kowace nahiya? Wane ne ya tsaya mata a gaban hukumomi da kotuna duk lokacin da wata ƙasa ta yi yunƙurin hana ta? Muddin babban gida na cewa abu lafiyayye ne in an bi ƙa'ida, ƙananan gidaje sun sami inuwar fakewa. A 2021 wani tsohon masanin kamfanin, Jon Heylings, ya fito fili da takardu yana cewa tun 1990 ya gargaɗi shugabanninsa cewa sinadarin sa amai da ake zubawa cikin Gramoxone bai kai yawan da zai ceci wanda ya sha ba. Kamfanin ya musanta. A wannan shekarar kuma ya biya dalar Amurka miliyan 187.5 don sasantawa da wasu Amurkawa da ke cewa paraquat ce ta jawo musu ciwon karkarwa na Parkinson, ba tare da ya amsa laifi ba. Manomin Amurka yana da lauya. Manomin Gangara kuwa, in hannunsa ya soma rawa yana da shekara hamsin, tsufa za a ce, ko iska, ko sammu.

Duk ginin da ake kira amfani cikin kiyayewa yana tsaye ne a kan wani manomi da babu shi a Gulbin Kaba. Wannan manomi yana karanta Ingilishi, domin da shi aka rubuta gargaɗin da ke jikin kwalba, a ƙasar da boko ke da Faransanci, jama'a kuma ke karatu da ajami. Yana da safar hannu ta roba da tabarau da takalmi mai tsawo da rigar da ruwa ba ya ratsawa, yana kuma iya sa su duka cikin zafin da ya haura digiri 35. Famfonsa ba ya yoyo a gadon bayansa. Yana da ɗaki mai kwado inda yaro ba ya kai hannu, da sabulu da ruwan wanka a bakin gona, da wurin da zai mai da kwalba in ta ƙare. Manomin da ke akwai kuwa yana fesawa da singileti da silifa, yana busa bakin famfo da bakinsa in ya toshe, yana sayen abin a tsiyaye cikin robar lemo wadda ba rubutu a jikinta ko kaɗan, kuma jarkar da ta ƙare tana komawa ta ruwa ko ta mai. Harshe ma ya taimaka wajen ruɗin: Hausa na kiran abin magani, kalmar da ake kiran abin da uwa ke ɗura wa jariri. Kamfanin da ya san duk wannan, ya kuma ce laifin na wanda bai bi ƙa'ida ba ne, yana faɗin cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, alhali shi ya rubuta tulu a jikinta. Ƙa'idojin da hukumomin FAO da WHO suka shimfiɗa a kan magungunan gona, waɗanda manyan kamfanonin suka ce sun amince da su, sun faɗa ƙarara cewa a guji duk wanda sai da kayan kariya masu tsada ko masu wuyar sawa ake amfani da shi, musamman ga ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi.

Za a ce ina gawarwakin, ina alƙaluman? Amsar tana Tsibiri, cikin gundumar Gidan Runji, kilomita kaɗan daga Maraɗi. A 1985 aka soma ba garin ruwa daga wata rijiya mai zurfi, ruwan kuwa na ɗauke da sinadarin fulorayid ninki uku zuwa huɗu na abin da WHO ta yarda da shi. Ba kamfani ya zuba shi ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake. Yara suka taso da haƙora masu tsatsa da ƙafafu gwame da ƙasusuwa masu karyewa, iyaye suka yi ta yawon bokaye da asibitoci, kuma sai da aka shafe kimanin shekara goma sha biyar kafin a tabbatar cewa famfo ne. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta FIDH na 2002 ya yi maganar yara wajen 5,000. Idan cutar da ke lanƙwasa ƙafar yaro a idon kowa, a garin sarkin Gobir, a bakin titin kwalta, ta ɗauki shekara goma sha biyar kafin a san sunanta, shekara nawa za ta ɗauka wadda ke cin huhu da jijiya a ɓoye, a ƙauyen da ba likita? Rashin alƙaluma a irin wannan wuri shaida ce a kan rashin mai ƙirgawa kawai. Sri Lanka ta ƙirga nata: bayan ta hana magungunan gona mafiya haɗari, paraquat na ciki, masana sun kiyasta cewa an tsirar da rayuka kimanin 93,000 daga kisan kai tsakanin 1995 da 2015, noman ƙasar kuma bai faɗi ba.

Akwai wata asara da ba ta shiga kowane rahoto. Abin da kwalba ke kira haki, a gidan Bahaushe rabinsa abinci ne. Tafasa da lalo da gasaya da yaɗiya su ke riƙe tukunya a watannin da rumbu ya ƙare, sauran kuma shi ne harawar akuyar da mace ke sayarwa ranar da yaro ya kwanta. Maganin haki irin paraquat ba ya tambayar sunan ganye, duk koren da ya taɓa ya ƙone shi, har da ɗan tsiron gawo da na kalgo da sassabin zamani ya dogara a kansu. Hannun da ke riƙe da hauya yana gani, yana kaucewa. Bakin famfo ba ya gani.

Ba a ce duk abin da ya fito daga Basel sharri ne ba. Garin Apron Star na Syngenta, da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, yana kare hatsi daga cututtuka da ƙwarin ƙasa, manoman Sahel da dama sun ga amfaninsa, yana kuma da izini (ko da yake ɗaya daga cikin sinadaransa, thiamethoxam, Turai ta hana amfani da shi a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma). Ranar da fara ta sauko kamar yadda ta yi a 2004, ba wanda zai tare ta da ganyen bedi. Ƙasar Agye kuma na da yunwar fosfat da itace kaɗai ba ya kashewa. Abin da ake ƙi shi ne a ce hanya ɗaya ce, kuma ta kanti ta bi. Masu binciken cibiyar INRAN da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi sun nuna cewa ana yaƙar murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, da wani ɗan ƙaramin zanzaro da ake kiwo cikin ƙananan buhunan algarara a rataye su a ƙauye. Buhun PICS mai ciki uku, da jami'ar Purdue ta ƙirƙiro aka kuma gwada shi sosai a Maraɗi tun daga 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ba tare da ɗigon fiya-fiya ba. Darajar wannan ta fito fili a 2015, lokacin da Turai ta rufe ƙofarta ga waken Nijeriya saboda yawan dichlorvos, wato sinadarin fiya-fiya, alhali wake mai yawa da ke cika kasuwar Dawanau ta Kano daga gonakin Nijar yake zuwa. Matan tarayyar manoma ta FUMA Gaskiya sun gwada dunƙula iri cikin ƙasa da toka, da takin fitsarin da aka adana. Ba ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da ke da mai talla a kan babur, domin ba wanda zai yi arziki da zanzaron da ke hayayyafa da kansa.

Laifi tudu ne, kuma na gida ba ƙarami ba ne. Ƙasar da ta sa hannu a haramci a 2011 ita ce ke karɓar kuɗin rumfa daga mai sayar da abin da ta haramta. Malaman gona sun yi ƙaranci har mai tebur ya zama shi ne malami, shi ne likita, shi ke faɗin murfi nawa za a zuba a famfo. Manyan ƴan kasuwar Maraɗi da ke shigo da kayan katan-katan sanannu ne, suna sahun gaba a masallaci, kuma babu mai wa'azin da ya taɓa tambayar hukuncin ribar da aka ci daga gubar da hukuma ta hana. Sai a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina, bayan shekara talatin da bakwai yana rainon.

Abin da za a nema ba shi da wuyar faɗi. Asibitocin gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Runji su buɗe littafi na musamman da za a rubuta duk wanda aka kawo da alamar gubar gona, da sunan abin da ya fesa, domin da irin wannan ƙirga ce Burkina Faso ta tsaya a gaban duniya. Gargaɗin jikin kwalba ya zo da Hausa, boko da ajami, gidajen rediyon karkara kuma su riƙa karanta sunayen haramtattun kafin faɗuwar damina. Wanda ya shigo da kwalba cike ya karɓe ta in ta ƙare. Kamfanin da ke son a kira shi mai ɗorewa kuwa, ya daina haɗa wa wasu abin da aka hana shi fesawa a ƙofar gidansa, ya kuma yi haka da kansa kafin doka ta tilasta shi. Har yanzu dokar ce ke riga shi: Suwizalan ta hana fitar da paraquat da atrazine da wasu uku daga ƙasarta tun farkon 2021, Faransa ta kafa irin wannan doka da ta soma aiki a 2022, Beljiyam ta bi sahu. Ƙungiyar kamfanonin magungunan gona ta Faransa ta kai dokar ƙasarta ƙara tana cewa ta tauye ƴancin kasuwanci, kotun tsarin mulki kuma ta yi watsi da ƙarar a watan Janairu na 2020.